Sanarwar da Baba Mai Hoto Ya Nema

A filin jirgin sama kowa ya san Baba Mai Hoto, daga masu gadin ƙofa har masu goge gilashi. Tsohon makaniki ne. Ɗansa tilo yana cikin masu loda kaya a jirgi, wata rana motar jan akwatuna ta yi baya ta matse shi da bango, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. Kamfanin lodin ya ce yaron ne ya tsaya inda bai kamata ba. Abokan aikinsa sun raɗa wa uban cewa motar ta daɗe ba birki, amma da aka zo bincike duk suka ce ba su ga komai ba.

Tun daga nan dattijon ya mayar da bencin da ke kusa da teburin sanarwa wurin zamansa. Ya ɗora hoton ɗansa a cinya, ya yi ta jiran manajan filin jirgin. Shi kuwa manaja kullum yana taro, ko ya yi tafiya, ko yanzun nan ya fita. Kotu ma an je, aka yi ta ɗage shari'ar har lauyansa ya daina ɗaga waya.

Matar da ke sanar da tashi da saukar jirage ita ta fi sabawa da shi. Takan raba shayinta biyu ta miƙa masa.

"Baba, ka fi manaja zuwa aiki," in ji ta wata rana. "Ya kamata a ba ka ofis."

"A ba ni nasa mana, tunda ba ya amfani da shi." Ya nuna lasifikar da ke gabanta. "'Yata, wannan abin naki har ofishinsa yake kaiwa?"

"Har bayan gida ma."

"To ki faɗi abin da aka yi wa yarona. Sau ɗaya tak."

"Haba Baba, so kake a kore ni? Wa zai riƙe min yara?"

Ya ce gaskiyarta, bai ƙara roƙonta ba.

Ranar da abin ya faru, da hantsi ne, zauren masu isowa cike da 'yan tarba. A lokacin ba a binciken kowa a wannan ƙofar. Ya shigo ba hoto, sai tsohuwar jakar kayan aikinsa rungume a ƙirji. Bai zauna ba.

"Ki ce wa mutane su fita," in ji shi.

Ta yi dariya. "Baba, yau kuma da wacce ka zo?"

"Da bam na zo. Ba na son jinin kowa. Ki ce su fita, ke ma ki bi su."

Ta dubi fuskarsa, ta ga ba wasa a ciki. Ta danna maɓallin, da muryar da take kiran fasinjoji kullum ta roƙi kowa ya bar kayansa ya fita ta ƙofar gaba. Mutane suka ɗaga kai, suka ci gaba da hirarsu. Wani ma tsaki ya ja.

Sai dattijon ya ɗaga jakar sama ya kwatsa ihu, "Bam ne! Ku matsa!"

Nan wuri ya hargitse. Takalma, akwatuna, kukan yara. Mai sanarwa ta fizgo wata tsohuwa da ta daskare a kujera, suka fita tare. Suna kaiwa wajen motoci ƙarar bam ɗin ta tashi, gilasan gaba suka zube, hayaƙi mai warin roba ya turnuƙe.

Ba wanda ya mutu. Baba Mai Hoto ya rasa hannun dama. Wata mai shara da ke wanke banɗaki ta ji sanarwar, amma ta tsaya kashe famfo. Tana fitowa da bokitinta gilashi ya same ta a fuska, ido ɗaya ya tafi.

'Yan sanda suka tsare mai sanarwa kwanaki suna juya mata tambaya: me ya haɗa ta da shi, don me take ba shi shayi. Sai da aka duba kyamarori aka sallame ta. 'Yan jarida suka tono maganar yaron, ɗaya daga cikin masu lodin ya buɗe baki, aka canza wa manaja wurin aiki. Iyakar abin da aka yi ke nan.

Shari'ar dattijon ba a ɗage ta ba ko sau ɗaya. Bai musa komai ba. Da alƙali ya ba shi damar magana, sai ya tambayi lafiyar mai shara. Aka gaya masa. Ya sunkuyar da kai har aka yanke masa ɗaurin da da wuya ya fito da ransa.

Mai shara ta koma aiki bayan ta warke, da baƙin tabarau. Wata rana suna cin abincin rana da mai sanarwa a bayan zauren, suka ji direbobin tasi suna gardama, wani yana cewa ai tsohon nan namijin duniya ne, ya nuna wa manya iyakarsu.

Mai shara ta ajiye cokali. "Yaya, ni manya ce?" ta tambayi mai sanarwa. "Ɗan nan nasa fa, da yana raye, har ruwan sanyi nake ajiye masa."

Suka ƙarasa abincinsu, kowace ta koma bakin aikinta.