Ɗigon Yaya

Da hantsi Gaggawa ya leƙo ta saman teburinta, kofin shayi a hannu. Abokin aikinta ne a ɗakin binciken, kuma sunan ya bi shi, don kafin kwamfuta ta gama tunani shi ya riga ya yanke hukunci.

"Anti, an yi mana kwamacala. Samfurin ɓargon nan an rubuta na mace ne, amma ƙwayoyin halittarsa alamar namiji suke nunawa. Bari in watsar da shi."

"Kar ka taɓa," ta ce. "Turo min."

Samfur a nan lamba yake ɗauka, ba suna ba, kuma ba a duba na kai. Amma mace mai ɓargon namiji, ai ba sai an gaya mata nata ne ba. Lokacin da sankarar jini ta kwantar da ita, yayanta ne ya bayar da ɓargonsa aka dasa mata. Yana fitowa daga asibiti ya fara tsokanarta, wai daga yau idan ta yi masa rashin kunya zai karɓe kayansa. Ita da aka fid da rai da ita ta miƙe. Shi mai lafiya mota ta kwashe shi a bakin titi, bai ko kai asibiti ba.

Allon ya cika da ɗigo dubbai, kowane ɗigo ƙwaya ɗaya, sun yi gungu-gungu kamar tururuwa a kan sukari. Manhajar kuwa, da kalmomi uku take tace su: DA, KO, BAN DA. Abin da take son sani ɗaya ne, ko ciwon ya dawo. In ya dawo, a cikin ragowar nata ƙwayoyin zai ɓuya, ba cikin na Yaya ba.

Ta fara da mai sauƙi. Ta zaɓi masu alamar namiji ta farko KO ta biyu. Allon ya yi ja daga wannan gefe zuwa wancan. Mutumin da aka fita da gawarsa a kan idonta, ga shi nan yana aiki, yana ƙera jini, ko hutu bai ɗauka ba.

Sai ta rubuta ɗayan: masu alamar ciwon, BAN DA nasa. Yatsanta ya daɗe a kan maɓallin. Tsoro take ji, tsoro na gaske, irin wanda ta sani a gadon asibiti. Ta danna.

Fari fat. Ko ɗigo ɗaya babu.

Ta cire sharaɗin ciwon, ta bar BAN DA nasa kawai, ko za ta ga kanta mai lafiya a wani lungu. Nan ma allon bai nuna komai ba.

Wayarta ta yi ƙara. Mahaifiyarta ce, wadda ba ta iya barci ba tun ranar da aka ɗebi ɓargon 'yarta don gwaji.

"Likitan ya kira ki?"

"Tukuna, Mama. Amma na gani da idona. Babu ciwon."

"Alhamdulillahi. To me ya sami muryarki?"

Ta goge tacewar, jajayen ɗigon suka dawo suka cika allon.

"Na nemi nawa ban samu ko ɗaya ba, Mama. Duk na Yaya ne."