Kek ɗin Gahawa na Inna Safara'u

"Ba haka ake kaɗa ƙwai ba, maigida. Kai dukansa kake yi kamar ya zage ka."

Inna Safara'u ce ke magana daga kan gadonta na igiya. Ta jingina da matasai, ƙafafunta sun kumbura har ba a ganin idon sawu. Ni kuwa ina durƙushe a ƙasa da kwano tsakanin gwiwoyina, farar rigata duk ta sha fulawa.

Ba kakata ba ce ta jini. Maƙwabciyarmu ce a unguwar Tandabawi ta Makka, langa-langa ɗaya ya raba ɗakinta da namu. Ita ta goya ni a shekarun da uwata, Ramlatu, ke fita sayar da gyaɗa a hanyar Harami, shi ya sa tun ina rarrafe take kirana maigida. Idan ina cikin raha nakan ce mata amarya. Ran nan ba na cikin raha.

"Inna, ni fa ba kek ya dame ni ba. Likita."

"Mun gama wannan maganar. A gasa, a raba, sannan ka kai ni inda za ka kai ni. Ƙara sukari."

Abin da ya faru shi ne, tun tsakiyar zafi numfashinta ya fara sarƙewa. Na yi makaranta, kuma ina aiki a wani kantin magani a Jarwal, na san ƙafa ba ta kumbura haka don nishaɗi. Amma a unguwarmu idan mutum ya kwanta, sai a kawo masa zamzam da habbatus-sauda da haƙuri. Ban raina ko ɗaya ba. Abin da ke ƙona min rai shi ne a tsaya nan, a zauna ana kallon mutum yana ƙarewa ana cewa da sauƙi. Ka ambaci asibiti, kowa ya sunkuyar da kai, don rabin unguwar ba su da takardar zama. Inna na cikinsu. Ta zo aikin hajji tun kafin a haife ni, ta zauna, kuma ta yi imani duk wanda ya sa farar riga ya riƙe alƙalami, jirgin Jidda zai sa ta a mayar da ita gida.

Na sha wuya kafin na samo wani likita Bamisire da ke duba mutane a gidansa, wanda ya ce min shi ƙirji yake tambaya, ba takarda ba. Na sha wuyar da ta fi wannan kafin Inna ta yarda. Sharaɗinta ɗaya ne. Kakar shekarar 1965 ce, zafin Makka ya fara sassauci, alhazai sun daɗe da watsewa, unguwa ta yi shiru.

"A gida yanzu an yanke gero," in ji ta. "Kowa na aika wa maƙwabcinsa sabon hatsi. Ni ba ni da gona. Duk shekara in na ji iskar nan ta juyo nakan ce zan yi kek ɗin nan in raba, ban taɓa yi ba. Bana sai na yi."

A hanyarta ta zuwa Makka ta yi shekaru a Bar Sudan tana aikatau a gidan wata Bagirkiya, can ta koyo shi. Fulawa, ƙwai, man shanu, sukari, kirfa, dakakkiyar gyaɗa, ɗan ruwan kanwa da nono don ya tashi. Sai gahawa. Ba irin ta Makka ba, mai ruwan ɗorawa da ƙamshin ƙwayar yajin da suke kira hel. Baƙa wuluk irin ta Sudan, wadda aka soya har ta yi maiƙo, aka tafasa har ta yi kauri. Da Umma ta juye ta a cikin ƙullun, sai ya koma kalar laka.

"Anya, Inna?" in ji Umma.

"Haka yake. Zuba a siniya, Ramlatu. Shafa mata mai tukuna."

Lokacin fitata aiki ya yi. Na ce su jira in dawo in kai furun, wato wurin gashi, da kaina, tunda babu gidan da ke da abin gashi a unguwar, kowa gidan burodin Ammi Salihu Bayamane yake kai nasa. Umma ta ce to. Ina fita ta yi abin da kowace mace ke yi a Makka: ta rufe siniyar, wato farantin gashin, da ƙyalle ta ajiye a bakin ƙofa.

Ga wanda bai sani ba, al'adar garin ce. Duk namijin da ya zo wucewa ya ga ƙullu a ƙofar gida, ko attajiri ne, zai ɗauka ya kai furun, ba ya tambaya, ba ya jiran godiya. Mutane na alfahari da wannan, kuma abin alfahari ne. Sai dai siniya ba ta magana. Wanda ya ɗauki tamu Ɗanjuma ne mai kai ruwa gida-gida a kan jaki. Ya kai, ya ajiye, ya wuce. Ba wanda ya gaya wa mai furun abin da ke ciki.

Na dawo da la'asar na tarar da mata sun fara taruwa a ɗakin Inna, siniya a tsakiya a rufe. Umma ta yaye ƙyalle. Burodi ne fari tas, mai riɗi a kai, an jera shi da kyau.

Matan suka kalli juna. Inna ta leƙo daga kan gado.

"Ikon Allah," in ji ta. "Ya musulunta a hanya."

Na ɗauki siniyar na gangara furun raina a ɓace. Ammi Salihu na ganina ya ajiye doguwar sandarsa ta fitar da burodi, ya ɗora hannu a ƙirji.

"Ustaz Lurwanu, ka yafe min," in ji shi da Larabci. "Tun ina saurayi nake bakin wutar nan, ban taɓa ƙona wa mace abinta ba sai yau. Na buɗe na gan shi baƙi ƙirin, ciki da waje. Kunya ta hana ni aiko shi. Na ce bari in ba Hajiya daga nawa."

"Ba ƙonewa ya yi ba. Haka kalarsa take. Yana ina?"

Ya kalli ƙasa, ya kalli ƙofa. A bakin ƙofar jakin Ɗanjuma ne tsaye, kunnuwa a miƙe, yana tattaka ƙasa. Jakin da duk Tandabawi ta san sai an tura shi yake hawa tudu.

Ran nan gidajen kan dutse sun sami ruwa kafin magariba, abin da bai taɓa faruwa ba. An ga Ɗanjuma a guje yana bin jakinsa yana kiran sunan Allah.

Ni ban yi dariya ba. Na koma na ce wa Inna an cika sharaɗi, an gasa, an ci, gobe sai likita.

"An ce a gasa a raba wa maƙwabta. Jaki maƙwabci ne?"

"A bayan ɗakinmu yake kwana, Inna," in ji Umma a hankali.

"Ke ma kin koma bayan mijina? To ba za ni ba. Alkawari alkawari ne."

"Inna, numfashinki nake ji daga ɗakinmu. Ba wasa ba ne."

"To ka daina kasa kunne a bangon mata."

Matan suka kwashe da dariya, suna gutsurar burodin Ammi Salihu. Ɗaya ta ce min in kwantar da hankalina, komai da lokacinsa. Na ce mata likitan ma yana da lokacinsa, kuma yana rufe ƙofa. Umma ta harare ni. Ban janye ba, kuma har yau ban janye ba.

Sake haɗa kayan ya ci kwanaki. Ƙwai sai da aka bi gida-gida, kowace mai kaza ta ba da abin da kazarta ta yarda ta bayar. Baƙar gahawa kuwa ta ƙare, sai da na je har wurin wasu 'yan Sudan masu shayi na roƙo. A cikin kwanakin nan Inna ta daina iya kwanciya, a zaune take barci. Bakinta ne kawai bai rage komai ba.

Da aka sake kwaɓawa, ban bar siniyar ta taɓa ƙasa ba. Na ɗora ta a kai na fita. Wani dattijo ya tare ni a lungu zai karɓa, wai malami bai kamata ya ɗauki ƙullu ba. Na ce ya bari. Ɗanjuma ya hango ni daga nesa ya ja jakinsa ya canza hanya.

Ammi Salihu ya buɗe ƙyalle ya daɗe yana kallo.

"Wannan ai tun kafin ya ga wuta ya ƙone."

"Sa shi a gefe, inda wutar ba ta da ƙarfi. Ina nan tsaye."

"To ta yaya zan san ya gasu? Burodi fari ne, ya yi ja, in fitar. Wannan daga baƙi sai ina?"

Inna ta riga ta ba ni amsa: a soka tsinke, in ya fito a bushe ya yi. Muka tsaya ni da shi a bakin wuta muna zufa, yana jawowa ina sokawa, yana mayarwa yana salati. Masu jiran burodi suka kewaye mu, kowa da shawararsa. Can ƙamshi ya tashi, gahawa da kirfa da man shanu, ya cika furun ya fita titi. Tsinke ya fito a bushe.

"Ka ce wa Hajiya," in ji Ammi Salihu yana share wuya, "idan akwai ragowa, ni ma ina unguwar."

Bayan la'asar aka cika ɗakin har waje. Inna ta sa aka ɗaura mata sabon kallabi. Umma ke yankawa, Inna ke faɗin mai rabo.

"Wannan na Khadijatu, ba ta da haƙori, a ba ta tsakiya. Wannan na mai furun. Wannan na Ɗanjuma, a ce masa shi zai ci da kansa."

Matan suka karɓa suna jujjuya shi a hannu, kowa na jiran wata ta fara. Tsohuwa Khadijatu ce ta yi ƙarfin hali. Ta tauna, ta yamutsa fuska, ta haɗiye.

"Da ɗaci," in ji ta. Sai ta miƙo hannu. "Ƙaro in tabbatar."

Kafin a kira magariba siniya ta kusa komawa fara. Inna kanta ɗan gutsure ta sa a baki, ta daɗe tana tsotsa, idonta a rufe.

"Kanwar ta ɗan yi yawa," in ji ta. "Amma shi ne."

"Amarya, an gasa, an raba."

"Na ji. Gobe da safe. Ka samo mota mai kyau, ba zan je wurin Bamisire a kan jaki ba. Balle wancan."

Na yi magana da Idris, ɗan unguwarmu mai tasi. Mota ba ta iya shiga lungunmu, don haka muka shirya zai tsaya a gindin tudu, ni da Ɗanjuma mu sauko da ita a kan kujera.

Da hantsi ya fara, na ji hon ɗin Idris daga ƙasa. Na ɗauki kujera na yi sallama a ƙofar Inna. Ba a amsa ba. Na tura.

Tana zaune a bakin gado, ta jingina da bango. Ta yi wanka, ta sa turare, ta ɗaura zanenta na saƙi da ta zo da shi daga gida, ta yafa baƙin mayafi. Takalmanta ba su shiga ƙafar ba, sai ta ajiye su a gefe, a jere. A cinyarta akwai ɗan ƙunshi a cikin farin ƙyalle, hannunta a kai.

Na kira ta Inna. Na kira ta amarya. Na kama wuyan hannunta kamar yadda aka koya min, na daɗe ina nema.

Umma ta shigo a bayana, ta duba, ta yi salati, ta shafa mata ido. Ta zare ƙunshin a hankali ta miƙo min.

"Jiya bayan kun watse ta sa na ware. Ta ce na likita ne, ba a zuwa gidan mutum hannu biyu."

Nan da nan ɗaki ya cika. Na ji ana cewa lokaci ne ya yi, ta yi kyakkyawan ƙarshe, ga tsarki ga Makka. Duk gaskiya ne. Amma da tun tsakiyar zafi mutum ɗaya cikin masu faɗin haka ya taya ni magana, da Bamisiren ya ga ƙirjin nan da sauran lokaci. Na buɗe baki zan faɗa, Umma ta riƙe min hannun riga. Na fita.

Idris na ta danna hon. Na gangara har gindin tudu da ƙunshin a hannuna. Ya leƙo ta taga.

"Yalla mana, Lurwanu, ina Hajiyar? Rana na yi."

Na gaya masa. Ya kashe motar. Ya fito ya zauna a kan dakalin wani shago da ba a buɗe ba tukuna, ya yi mata addu'a, ya shafa. Na zauna kusa da shi. Ban san abin da zan yi da ƙunshin ba, sai na kwance na ajiye tsakaninmu.

Ya kalle shi, ya kalle ni. Ya gutsura, ya turo min sauran. Yana ci a hankali, ya tara tafin hannunsa a ƙarƙashin haɓa don kada ɓurɓushi ya zuba ƙasa. Ƙofar bayan motar tana nan a buɗe yadda ya buɗe mata.