Binne Kafin Ruwa

Alhaji Halliru ɗan kwangila bai ɗauke ni aiki don takarda ba, don ba ni da ita. Aji uku na yi a elementare ta Wudil, babanmu ya rasu, na dawo gona. Wata ranar kasuwar Juma'a ce ya gan ni ina raba 'yan dako biyu da suka shaƙe juna a kan buhu ɗaya. Ban ɗaga murya ba, don ni da ma ba ni da ita, har dai suka saki juna suka kinkimi buhun tare. Da yamma ya aiko aka kira ni.

Ya ce, "Labaran, akawu ina da shi a Kano. Birkila ina da shi. Wanda zai riƙe mini mutane ne ba ni da shi."

Aikin kwalbati ne ya samu a hanyar Kausani, inda wani rafi yake yanke hanya duk damina. Ni zan nemo leburori, in raba musu aiki, in ji kukansu, in san wanda jikinsa ne ba daɗi da wanda lalaci ne yake damunsa.

Ya ce, "In ka riƙe su har aka zuba rufin kwalbatin nan kafin rafi ya kawo ruwa, kai ne mai kula da ma'aikatana duk inda na sami kwangila. In suka watse, ka koma ga fartanyarka, ba faɗa."

Wannan a bazarar alif ɗari tara da hamsin da biyar ne. Na nemo mutane daga Kausani da Sabon Garin Wudil da ƙauyukan gefen kogi, kuma da farko komai ya tafi daidai. Ana haƙa, ana fasa dutse, ana jidar yashi da kwanon sarki. Sai dai duk wanda na ɗauko manomi ne, ni ma haka. Siminti kuwa ya makara a hanya, bai iso ba sai da zafi ya kai inda yake kaiwa.

Akwai wani gawo a bakin aikin, a ƙarƙashinsa muke hutun rana. Kowa ya san gawo, in damina ta matso sai ya fara zubar da ganye. Inuwar nan ta dinga yin ƙaranci a kanmu kullum, kuma duk ganyen da ya faɗo sai wani ya bi shi da ido. Mutum yana tafe da kwano a ka, wuyansa a karkace gabas. Iska in ta ɗan kaɗa da sanyi, sai ka ji shebur duk sun yi shiru. Ni kaina in na ce a kama aiki, idona yana sama nake faɗa.

Haladu, wani dogo daga Sabon Gari mai bakin tsiya, shi ya fara faɗa mini a fili. Helma yake kirana, wato shugaban leburori.

"Helma mai aji uku, ka dai san ranar da aka yi ruwa ba za ka gan ni ba ko?"

Na ce, "Haba Haladu, saura kaɗan fa."

"Kaɗan ɗin nan ka kai wa matata ta tuƙa."

Aka yi dariya, amma ba wanda ya ce masa ya yi ƙarya. Na juya wajen Baba Gwadabe, wanda ya girme mu duka, mutumin Kausani. Shi yake kwaɓa kankare, kuma in ya yi magana ana ji.

Na ce, "Baba, kai fa?"

Ya ce, "Ɗan nan, kada in ruɗe ka. Danshin ruwan fari ba ya jiran kowa. Wanda bai yi shuka a kansa ba, a bayan mutane zai ƙare shekara. Ko Alhajin naka ne ya zo da kansa ya tsaya a hanya, ta gefensa za mu bi."

Na kwana biyu ina juya maganar. Abinci ba ya shiga, zama ba ya yiwuwa. In na je bakin aiki in ƙagu in dawo gida, in na dawo in ƙagu gari ya waye. Na yi tunanin in roƙi Alhaji ya ƙara musu lada, na ga ba lada ne a ransu ba. Na yi tunanin in nemo wasu daga cikin birni, na ga kafin in je in dawo an gama komai.

A hutun rana na kawo musu abin da na samo.

Na ce, "In da iri yana cikin ƙasa tun kafin ruwan, me zai sa mutum ya gudu ranar da aka yi shi?"

Baba Gwadabe ya ɗago. "Binne kake nufi."

"Shi nake nufi. Juma'ar nan ba aiki. Kowa ya je ya binne geronsa a busasshiyar ƙasa. Ruwa in ya zo ya tarar da shi, mu kuma muna nan muna zuba rufi."

Ba baƙon abu na kawo ba, kowa ya san binne, kowa kuma ya san abin da ke cikinsa. In ruwan kirki ya sauka, kai ne gaban kowa. In kuwa ɗan yayyafi ya jiƙa sama-sama ya ɗauke, irin ya kumbura ya tsiro, rana ta ƙone shi, ka tashi ba iri ba shuka.

Haladu ya ce, "Helma, tambaya ɗaya. Naka za ka binne?"

Gaskiya ban yi wannan tunanin ba. Gonarmu tana bayan Sabon Gari, kusa da tasa, irin kuma ba a hannuna yake ba, yana wajen Inna. Amma duk ido yana kaina.

Na ce, "Ni zan fara."

Inna tana tankaɗe na same ta. Ta saurare ni har na gama ba ta tsayar da rariya ba.

Ta ce, "Babanka ya taɓa yi sau ɗaya. Kana ƙarami. Ka tuna me muka ci shekarar?"

"Na tuna, Inna."

"To me ya kawo ka?"

"Na riga na faɗa a gaban mutane."

Ta ajiye rariya. Sannan ta shiga ɗaki ta janyo tulun da take ajiye iri a cikin toka, ta ɗibar mini rabi a ƙwarya, ta mayar da murfi ta zauna a gabansa.

Ta ce, "Wannan na bakinka ne da ka saki. Sauran na cikinmu ne."

Ranar Juma'a da sassafe na sara ƙasa da sungumi, ƙura tana tashi, maƙwabta suna wucewa kasuwa suna tsayawa kallo. Can na hango Haladu a tasa gonar, yana sara yana waiwayena. Washegari a bakin aiki na ji kusan kowa ya yi.

Na ɗauka hankali zai kwanta. Ina. Da can ruwa muke jira, yanzu kuma mun koma jiransa da tsoronsa gaba ɗaya. Wannan ya ce zabi sun shiga tasa gonar suna tono, wancan ya ce tururuwa ta jide masa kunya biyu. In hadari ya haɗo sai a rasa addu'ar da za a yi, a ce ya sauko ko a ce ya wuce. Aiki dai yana tafiya. An gama bango biyu, kafinta ya kafa katakon da zai ɗauki rufi.

Ranar wata Talata da la'asar hadari ya taso, ya yi duhu, iska ta kwashe sauran ganyen gawo. A bakin aiki ko ɗigo bai sauka ba. Amma muna gani daga nesa ya zubo ta wajen Sabon Gari, siriri kamar zare, kafin a yi haka ya ɗauke.

Haladu ya ajiye kwano ya dube ni. Bai yi tsiya ba ranar, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi.

Na bi ta gona kafin in shiga gida. Na tura yatsa a ƙasa, gaɓa ɗaya ce da danshi, ƙasanta busasshe. Kwanaki kaɗan tsiro ya leƙo, kore shar, har mutum ya so ya yi murna. Rana ta buɗe a kansa. Kullum da asuba in je in duba, kullum ya ƙara yin fari, har ya kwanta. Nawa ya ƙone, na Haladu ya ƙone, da na wasu mutum uku 'yan unguwarsu. Na mutanen Kausani, da yake ruwan bai taɓa su ba, yana nan lafiya a cikin ƙasa.

Haladu ya ci gaba da zuwa aiki, amma ya daina kirana helma, ya daina kirana komai. Da na ga haka na same shi shi kaɗai yana wanke shebur.

Na ce, "Kana da sauran iri?"

"Duka na zuba. Ba kai ka ce ba?"

"Ni na ce."

Na koma wajen Inna. Wannan karon ban yi dogon bayani ba. Ta ce ai ta san za a zo nan. Ta buɗe tulun ta raba abin da ya rage biyu, tana yi tana faɗa ƙasa-ƙasa, da ni da Alhajina da kwalbatinsa. Na kai wa Haladu kashi ɗaya a ƙulle a tsumma, na ce daga Inna ne. Ya karɓa ya auna a hannu.

Ya ce, "Ka gaishe ta." Iyakarta ke nan.

Ruwan gaske ya sauko da asubar ranar da za a zuba rufi. Ya yi ta zuba har hantsi, ƙasa ta sha ta ƙoshi, ƙamshinta ya cika ko'ina. Na tafi bakin aiki ƙafata tana nutsewa, ban san ko mutum nawa zan tarar ba.

Na tarar da su duka. Alhaji Halliru ma ya zo da lorinsa tun jiya ya kwana a gari, yana tsaye a kan tarin tsakuwa da lema a hannu. Birkila ya ce ruwan farko na ƙasa ne, na biyu shi ne na rafi, don haka yau ne ko babu.

Mutanen Kausani suna ta fara'a, geronsu yana sha suna nan. Haladu da mutum ukun nan kuwa suna tsaye a gefe da kwanoninsu, ba su tafi ba, ba su kuma kama aiki ba. Ƙafar Haladu sai motsi take a cikin laka. Na ga sun zo ne don kada a ce sun gudu, amma ransu yana can.

Na ce, "Haladu, ku ajiye kwanonin nan ku tafi gona."

Ya dube ni, ya dubi Alhaji.

Alhaji ya sauko. "Labaran, me na ji ka ce?"

"Ranka ya daɗe, su huɗun nan binnensu ya ƙone. In ba su shuka yau ba sun rasa shekara."

"Na ɗauke ka ka riƙe mini mutane ko ka sallame su? Yau, ranar rufi?"

"Ni na ce su binne, Alhaji. Sun yi, don sun yarda da ni."

"To ni kuma wa zai ɗaukar mini kankare?"

Na sunkuya na ɗauki kwanon Haladu. Ina jin sawunsu suna tafiya, da farko a hankali, da suka wuce gawo suka sa gudu.

Baba Gwadabe ya soka shebur a cikin kwaɓi ya ce, "Alhaji, a matsa mana daga hanya, kada mu ɓata maka riga." Ya cika mini kwano, ya ƙara da gangan. "Kai kuma taka gonar fa, ɗan nan?"

"Tana nan, Baba."

"To ɗauki. Mu ga ko aji uku yana da wuya."

Ba mu yi hutun rana ba ranar. Ba wanda ya nema. Direban lori ma da ya gaji da kallo ya tuɓe riga ya shiga layi. Kafin magariba birkila ya shafe kusurwar ƙarshe, aka rufe da buhunan siminti da ciyawa. Wuyana ya ƙi juyawa har kwana uku.

Alhaji ya hau lori ya yi tafiyarsa. Na tsaya ina kallon bayan motar, ban san ko ni mai kula da ma'aikata ne ko manomin da bai yi shuka ba.

Gonata sai bayan kwana biyu na samu na shuka, danshi ya fara janyewa, irin kuma bai kai ƙarshen gona ba. Haladu bai dawo aiki ba, ko ranar cire katako. In mun haɗu a hanyar gona dai yakan ce, "Helma, an fito?" Na ga sunan ya dawo, na bar shi a haka.

Ranar da rafi ya kawo, mutanen Kausani suka fito kallon ruwa yana bi ta ƙarƙashin hanya. Ina cikinsu sai ga lorin Alhaji. Ya tsaya a kan kwalbatin daidai, ya leƙo ta taga.

Ya ce, "Labaran, bayan kaka akwai aiki a hanyar Gaya, ya fi wannan girma. Ka fara neman mutane. Amma in za ka sallami wani, ka faɗa mini tukuna."

Na ce, "To, Alhaji."

Da na faɗa wa Inna, tana tsinke zogale, ta ce Allah ya sa albarka. Sai ta tashi ta ɗauki tulun irin, wanda ba komai a cikinsa sai toka, ta shigar da shi can ƙarƙashin gadonta.