Tallan Nono a Waya

Indo ba ta taɓa nuna fuskarta a waya ba, ko sau ɗaya. Sharaɗin da surukinta Malam Ishiyaku ya gindaya ke nan, tun ranar da mijinta Lado ya durƙusa a zaure yana roƙon a bar ta ta riƙa tallan fura da nono a laif, wato bidiyon nan da ake yi kai tsaye, mutane na kallo suna rubuto magana. Malam ya daɗe yana jan carbi kafin ya ce, "Hannu da ƙwarya kawai. Ran da abin nan ya jawo wa gidan nan magana kuma, ranar za a ajiye shi."

To, hannu da ƙwaryar ma sun isa. Kullum da hantsi, a sashenta can cikin gidansu na Saji, sai ta jingina waya a jikin turmi, ta baje faifai, ta fara aiki tana surutu. Indo akwai baki, masha Allah. Za ta nuna maka geron, ta nuna citta da kanumfari, ta kirɓa furar a gabanka, sannan ta jawo ƙwaryar nonon da Tani ke kawo mata daga rugarsu ta wajen Zurgu, ta sa maburgi ta burge shi har sai yawunka ya tsinke. Matan Kano su yi ta aiko da saƙo, Lado ya jera robobi cikin ƙanƙara a bayan motarsa ta haya, in ya sauke fasinja ya bi gida-gida ya miƙa. Da wannan hannu da ƙwarya aka sake rufin ɗakinta, da shi yaranta ke tafiya makaranta da takalmi a ƙafa.

Tsakaninta da Malam kuwa sai gaisuwa daga nesa. Ta durƙusa a bakin ƙofa kanta a ƙasa, shi kuma ya amsa yana kallon bango. Ko sunanta ba ya faɗa, don sunan mahaifiyarsa ne, wata Bafulatana da ta rasu tun kafin a haifi Lado. "Mai sunan Inna" yake ce mata, shi ma sai ta kama dole. Cin abinci a gabanta kuwa, ai ko ruwa bai taɓa kurɓa ba in tana wurin. Haka surukuta take a gidan, kuma babu wanda ya ga aibunta.

Ranar da abin ya faru, nonon ya yi kyau na ban mamaki, Indo kuma ta ji daɗi har ta manta da bakinta. Ta ɗaga ludayi tana zubowa, tana cewa, "Jama'a ku dubi nonona yau! Kun ga kauri? Wallahi duk wanda ya taɓa shan nonona ba ya komawa na wata." Sai ga wasu 'yan iska, waɗanda ba fura ta kawo su ba, sun cika wurin da rubutu. Wannan ya ce a matso da shi kusa, wancan ya ce a nuna ɗayan. Ita baiwar Allah ba ta gane ba, har da jawo ƙwarya ta biyu ta ce ga ɗayan. Tana cikin haka fuskar wayar ta yi baƙi, wani rubutun Turanci ya fito.

Afra'u, ƙanwar Lado da ke koyarwa a firamare a Kibiya, ita ta karanta mata da ta dawo. Ta karanta, ta dubi Indo, ta sake karantawa, sai ta zauna a kan tabarma ta riƙe ciki tana dariya har da hawaye.

"Malama, ke dariya ma kike yi? Me suka ce?"

"Matar Yaya, wai batsa kika yi! Sun dakatar da ke na 'yan kwanaki. In kika sake kuma, rufewa za su yi gaba ɗaya."

"Batsa? Ni? Da ludayi?"

"Da bakinki dai. Ba mutum ne ke sauraro ba, inji ne. Ya ji kin ce nono, ya juya shi Turanci, sai ya ɗauko na ƙirji ya bar na shanu. Ga kuma waɗancan marasa kunya suna tayawa."

Sai a lokacin Indo ta tuna da ƙwarya ta biyu. Kunya ta lulluɓe ta, ta ja mayafi ta rufe fuska, ita da ba wanda ke kallonta sai ƙanwar miji. Dariyar Afra'u ma ba ta yi nisa ba, don su duka sun tuna da maganar zaure.

Kafin Lado ya dawo daga Kano, labari ya riga shi isa tashar Rano. Ba wanda ya ce an dakatar da mai fura saboda kuskuren inji, wa zai tsaya wannan dogon bayani? Abin da aka ce shi ne an rufe shafin matar Lado saboda batsa. Matan da ke zuwa sayen fura a gida suka ɗauke ƙafa, waɗanda suka zo kuma ba fura suka zo saya ba, kallo suka zo yi. Wata ma har da dafa kafaɗarta tana cewa Allah Ya shirye mu baki ɗaya. Indo ta shiga ɗaki ta yi kuka mai isarta. Cinikin da ya tsaya ya dame ta, amma abin da ya fi ci mata rai shi ne dattijon da ke kiranta da sunan uwarsa zai ji an haɗa wannan suna da kalmar batsa.

Bayan la'asar washegari aka taru a zaure. Bangon zauren shi ne bangon ɗakin girkinta, saboda haka ba sai ta kasa kunne ba, maganar ce ke zuwa ta same ta. Baffa, ƙanin Malam, shi ya fi kowa ɗaga murya.

"Ni tambaya ɗaya nake yi, a ba ni amsa. Kamfanin nan ba shi ne yake barin 'yan mata suna karairaya suna rawa safe da yamma ba? Ba ya rufe su. To in har wanda ya iya haɗiye wancan ya ce wannan ya yi masa yawa, me ta yi?"

Lado ya ce, "Baffa, wallahi hannunta kawai ake gani."

"Kai kana hanyar Kano, ina ka sani? Ni dai na ce ko sau ɗaya sun yi abin kirki. Da ma duk su rufe, mu huta."

Afra'u, da ke durƙushe daga bakin ƙofa, ta nemi izini ta ce, "Baffa, ba wanda ya ce kada a sa doka. Ni kaina akwai shafukan da nake kai ƙara saboda ɗalibaina. Amma wanda aka sa gadin ba ya jin Hausa. Masu rawar sun san kalmomin da yake kamawa, suna kauce musu. Mai fura da ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba, ita ya cafke."

"To sai ta canja kalma mana! Ta ce madara, ta ce kindirmo. Dole sai waccan?"

Aka yi ta ja, wannan ya kawo, wancan ya ture. Malam ya bar su har sai da suka gaji don kansu. Sannan Indo ta ji muryarsa, a hankali kamar kullum: "Bidiyon yana nan a ajiye? Kunna min in ji."

Innalillahi! Indo ta dafe bango. Ta so ƙasa ta tsage ta shige. Ga muryarta nan tana fitowa daga zaure, garau, cike da fara'a, tana gayyatar jama'a su dubi kauri. Ta ji Afra'u tana in'ina wajen karanta abin da 'yan iskan suka rubuta, ta ji Malam ya ce ta karanta duka. Ta ji wurin ƙwarya ta biyu. Wani a zauren ya yi tari don ya danne dariya. Daga nan ta ji ƙarar takalmin Malam ya fita masallaci, bai yanke hukunci ba, bai ce a ci gaba ba. A wurin Indo shirun nan ya fi faɗa ciwo. Da Afra'u ta dawo mata da wayar, sai ta naɗe ta a tsumma ta tura ƙarƙashin katifa, don ba ta son sai an aiko an ce ta ajiye.

Kwanakin dakatarwa suka cika, ba ta ko duba ba. Da safen nan Tani ta iso da ƙwarya a ka, ta sauke tana haki, ta ce yau ma ba ciniki kamar jiya, ko an samu sauƙi? Indo ta buɗe baki za ta ce mata ta nemi wata mai saye daga yau, sai suka ji sallama a bakin sashen. Muryar Malam ce. Mutumin da rabonsa da taka wannan sashe tun ranar sunan ɗanta na fari.

Indo ta zube a ƙasa tana gaisuwa. Ya amsa yana kallon turmi. Afra'u na biye da shi ɗauke da buzunsa, fuskarta ita ma duk mamaki.

"Mai sunan Inna, ina abin naki? Ɗauko. A dama min fura."

Ta ɗauko wayar, ta dama furar. Afra'u ta jingina wayar a jikin turmi, ta karkatar da ita ƙasa wajen ƙwarya yadda aka saba, sai Malam ya ce, "Ɗago ta. Ni za ta kalla." Ya shimfiɗa buzu ya zauna, ya gyara hularsa. Afra'u ta matso ta yi ƙasa da murya: "Baba, don Allah ka ce kindirmo. In injin ya sake ji, rufewa zai yi har abada."

Malam ya leƙa ƙwaryar ya ce, "Wannan an cire masa mai, tsala ne. In ce kindirmo in yi wa mutane ƙarya? Kunna."

Aka kunna. Mutane suka fara shigowa, da masu sayen fura da masu jiran ganin abin kunya, sai suka tarar da farin gemu. Fuskar farko da ta taɓa bayyana a shafin Indo ke nan.

"Assalamu alaikum. Sunana Ishiyaku, ni ne uban mijin mai wannan shafi. Abin da ke cikin ƙwaryar nan sunansa nono. Uwata ta ɗauke shi a ka daga ruga zuwa kasuwar Rano har gashin tsakiyar kanta ya ƙare, tana tafe tana kiran sunansa da ƙarfi, malamai na saye, hakimai na saye, ba wanda ya taɓa sunkuyar da kai. Da shi aka ciyar da ni. Na saurari abin da yarinyar nan ta faɗa tun daga farko har ƙarshe, ban ji abin da uwata ba ta faɗa ba. Ƙazantar a rubutun wasu na gan ta. Ku masu kamfani, in za ku yi gadi ku yi, muna so, amma ku nemo mai jin Hausa ya zauna kusa da injin naku. Ku kuma masu rubutun, ku je ku tambayi iyayenku mata da me ake dama fura."

Ya yi bismilla, ya ɗaga ƙwaryar da hannu biyu, ya kafa kai. A gaban Indo, a gaban Tani, a gaban duk wanda ke riƙe da waya daga nan har Kano. Ana jin wucewar furar a maƙogwaronsa. Tani ta kama baki ta juya baya, don ita ta san nauyin abin da ake yi.

Afra'u na zaune tana toshe duk wanda ya rubuto shirme, amma ba su da yawa, yawancinsu sun sulale da kansu. Sauran rubutun duk gaisuwa ce ga Baba, da masu tambayar ko Lado zai shigo yau. Wayar ba ta yi baƙi ba. Ko injin ya waye ne, ko gemun ya gani, ko ƙarar da Afra'u ta ɗaukaka wurin kamfanin ce ta faɗa hannun ɗan Adam, wannan har yau ba wanda ya sani.

Indo dai ba ta ga ko ɗaya daga cikin rubutun ba, hawaye ya hana ta. Godiya ta cika mata ƙirji har ta rasa ta inda za ta fara. Ta so ta ce Allah Ya saka, Allah Ya ji ƙan Inna, Allah Ya sa a gama lafiya, amma abin da ya iya fita kawai shi ne, "Baba... na gode, Baba."

Malam ya share gemunsa da bayan hannu. Maimakon ya ajiye ƙwaryar a ƙasa a zo a ɗauka yadda aka saba, sai ya miƙa mata hannu da hannu, ya dube ta a fuska.

"Ƙaro min. Kuma in za ki yi talla ki ɗaga murya. Inna tun daga gindin dutse ake jiyo ta."

Afra'u ta mayar da wayar ƙasa, wajen hannu da ƙwarya. Indo ta goge ido da gefen mayafi, ta jawo nonon da Tani ta kawo, ta ɗaga ludayi. Muryar ta fito ƙasa-ƙasa, sai ta gyara ta sake, yadda har Baffa da ke zaure sai da ya ji.

"Nono! Ga nono, jama'a!"