Ranar da Mai Aski Ya Tsare Raga

Filin da ke bayan gidan Mai Aski ba wani abin a zo a gani ba ne. Ciyawa ce mai ƙaya, da tsohuwar tayar mota, da wata akuya da ba a san mai ita ba. Shekara da shekaru ko kallonsa ba a yi. Amma ranar da hukumar gari ta kafa allo cewa nan za a yi tashar shara, inda ƙananan motoci za su riƙa juye sharar gari kafin manya su kwashe, sai kowa ya tuna ashe yana son filin nan.

Mai Aski abin ya fi shafa, don tagar ɗakin kwanansu filin take kallo. Matarsa kuwa irin matan nan ce da ke jin warin albasar da aka yanka a gida na uku. Ta karanta allon, ta dawo, ta jawo babban akwati daga ƙarƙashin gado, ta rufe ƙofa, aka yi ta jin ƙwaram-ƙwaram. Can ta fito ta dire shi a bakin ƙofar falo, cike maƙil.

"Maman yara, wannan fa?"

"Ranar da motar shara ta farko ta shigo, gidan 'yata zan koma. Ka zauna kai da ƙudajenka."

'Yar tasu tana can wani gari mai nisa, ga ɗaki a shirye, kullum roƙon uwar take ta je. Shi kuwa mutumin nan, duk cika bakinsa a shago, idan ya farka bai ji motsinta a kicin ba, ranar nan ko almakashi ba ya riƙuwa. Tsoro ya ji, tsoro na gaske.

A shagonsa aka yi taro, wasu a kan benci, wani a kujerar aski an aske masa rabin kai. Tela, maƙwabcinsa, shi ya kawo labari: wai an zaɓi filin ne don babu mai amfani da shi, kuma wata jami'a za ta zo ta duba da idonta.

"To sai ta zo ta tarar ana amfani da shi!" in ji Tela. "Ƙungiyar ƙwallo za mu kafa."

Matsalar ita ce da hantsi jami'ar za ta zo, samari duk suna makaranta ko wurin aiki. Waɗanda suka rage su ne masu ciwon baya, da masu hawan jini, da wani tsohon direba da ba ya gani sosai. Tela ya ɗinka musu riguna da ragowar yadin labule, ja mai manyan furanni. Aka kafa sandunan mofar goge ƙasa biyu a matsayin raga. Mai Aski aka ba tsaron gida, ba don iyawa ba, don dai tumbinsa kaɗai ya rufe rabin ragar.

Jami'ar ta iso, yarinya ce sa'ar 'yarsa. Ta dube su daga sama har ƙasa.

"Baba, tun yaushe kuke wasa a nan?"

"Tun kafin a haife ki," in ji Tela, ko ƙifta ido bai yi ba.

"To ku buga in gani."

Wayyo, abin da aka gani! Tsohon direba ya ja da baya, ya sheƙo, ya kai wa ƙwallo duka, ƙwallo na nan inda take, takalminsa ne ya tashi ya wuce ta kan raga. Biyu suka yi karo suka zauna a ƙasa suna gaisawa. Akuya ta shigo fili, kuma gaskiya ta fi kowa sanin inda ƙwallon take.

Mai Aski ya waiga, sai ya hango matarsa a taga, ta harɗe hannu. Nan jininsa ya motsa. Daidai lokacin Tela ya samu ya taɓa ƙwallon, ta taho tana gangarowa a hankali kamar mai zuwa gaisuwa. Mai Aski ya ce yau ko ni ko ita. Ya yi tsalle irin na talabijin, ya faɗi tim, gwiwarsa ta ce ƙas. Yana kwance ya gama nishi, ya gama salati, sannan ƙwallon ta iso ta jingina da tumbinsa ta tsaya.

Jami'ar ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Baba, yau kuka fara. Ga takardar farashi nan a jikin ƙwallon ba ku cire ba."

Mai Aski, yana kwance cikin ƙaya, ya ce, "'Yata, ki rufa mini asiri. Idan motocin nan suka zo, matata tafiya za ta yi."

Ta daina dariya. Ta ce akwai wani wuri a bayan gari, nesa da gidaje, kuma filin da dattawa ke motsa jiki ba a taɓa shi. Za ta rubuta haka. Amma za ta riƙa biyowa ba sanarwa, duk ranar da ta tarar babu kowa sai akuya, to su saurari motoci.

A kafaɗa aka kai shi gida. Matarsa ta zaunar da shi tana shafa masa man zafi, tana tsaki.

"Maman yara, yanzu dai a kwance akwatin nan ko?"

"Buɗe da kanka."

Ya ja zip. Babu zani ko ɗaya. Matattun injinan askinsa ne, da rediyoyin da ya ce zai gyara tun yara suna ƙanana, da takalma wari-wari, da fankar da ba ta da fuka-fukai.

"Cewa na yi a raina idan motocin sun zo, ko ba komai na juye musu tarkacenka na huta."

"Ashe ba tafiya za ki yi ba?"

"In tafi in bar ka wa wa? Mutumin da ke faɗuwa tun ƙwallo ba ta iso ba?"

Daɗi ya kama shi har idonsa ya kawo ruwa, ya ce man zafin ne. Ta ɗaure gwiwar tamau, ta ɗauko rigar labulen ta kakkaɓe ƙayoyin, ta rataye masa ita a jikin ƙofa.

"Gobe da safe raga," in ji ta. "Ina taga ina kallo."