Ranar da Aka Goge Aikin Uwar Rumbu

A ofishin nan da ke saman shagon masu gyaran waya, babu mai kiranta da sunan yanka. Uwar Rumbu suke ce mata, domin shekara shida ke nan rumbun bayanan kamfanin yana hannunta. Kamfanin ƙarami ne, mutum tara ne duka-duka, kuma aikinsu wata manhaja ce da ƙananan asibitoci ke amfani da ita wajen ajiye bayanan marasa lafiya da tura musu saƙon waya idan ranar ganin likita ta matso.

Talatar da abin ya faru ba ta ma je ofis ba. Ta ɗauki hutun yini ɗaya, na farko cikin wata takwas, don ta kai mahaifinta a cire masa yanar ido. Tana zaune a kan benci a baranda, sandar tsohon a jingine da gwiwarta, takalmansa cikin leda, sai waya ta fara ruri. Ta katse. Aka sake kira. A karo na huɗu ta ɗaga, ta ji muryar Manaja.

Saƙonni kusan ɗari shida ne suka fita da safe, in ji shi, kuma sun tafi wurin mutanen da ba nasu ba. An gaya wa wani dattijo ya zo awon ciki. Wata mata ta sami saƙo ɗauke da sunan maƙwabciyarta da irin gwajin da aka yi mata. A asibiti ɗaya mutane sun cika har bakin titi, kowa da saƙonsa a hannu, ga shi babu likitan da ke jiransu. Shugabar ma'aikatan jinyar asibitin ta buga masa waya ta wanke shi tas.

Uwar Rumbu ta gane nan take. Ta san wannan cutar sarai. Idan mutum biyu suna da suna iri ɗaya, tsohon umarnin kwamfuta da ke zaɓo lambobin waya daga rumbun yakan haɗa su ya cakuɗa. Mako uku ta yi tana gyara shi watan jiya, layi bayan layi, har mai gwajin kamfanin ta tabbatar ya warke. To ta yaya ya dawo?

Yayanta, wanda ya zo tare da su, ya kalle ta tana saɓa jaka, ya ce ashe dai aikin ya fi uban nata. Ta damƙa masa sandar da ledar takalman, ta tari mai babur.

Minti goma da zamanta a gaban kwamfuta ta ga abin da aka yi. Gyaranta babu shi, ko layi ɗaya. Tsohon umarnin ne na bara zaune a wurinsa, an ƙara masa abu guda kawai: lambar wayar asibiti a ƙarshen saƙo. Kuma duk ofishin an san wa Manaja ya ba wannan ɗan aikin ranar Litinin. Farfesa ne, wanda ya fi kowa daɗewa a kamfanin, wanda suka laƙaba wa sunan saboda bai taɓa cewa bai sani ba. Yana da tsohon kwafi a laftof ɗinsa, cikin wata jaka cike da fayiloli masu suna "na ƙarshe", "na ƙarshe na biyu", "na ƙarshe na gaske". Ya ɗauko ɗaya, ya ƙara layinsa, ya maka shi kai tsaye a kan rumbun da asibitoci ke aiki da shi, ya tashi ya tafi gida.

Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne, shekara biyu tana faɗa. Rubutun manhajar kanta yana da ma'ajiya mai tarihi: wanda ya canja ko waƙafi ne, za a ga sunansa da ranar da dalilinsa, kuma ana iya komawa baya a duk lokacin da aka so. Amma teburan da ake jera bayanai a rumbun da umarnan da ke cikinsa an bar su kamar allon aji, wanda ya zo ya goge ya rubuta nasa. Kowa da asusu ɗaya yake shiga, wanda ta buɗe da sunanta tun farkon zuwanta, kalmar sirrinsa kuma tana rubuce a wata 'yar takarda manne a gefen firij. Duk sanda ta ɗago maganar, Manaja sai ya ce gaskiya ne, bari a gama aikin da ke gaba tukuna. Aikin gaba kuwa bai taɓa ƙarewa ba.

Awa uku ta ɗauka kafin ta zaƙulo gyaranta daga kwafin ajiya na ranar Lahadi ta mayar da shi. Ba ta sha ko ruwa ba. Da ta gama, Manaja ya tara su a ɗakin taro, fanka na juyi tana ƙara, kowa ya yi tsuru-tsuru. Ta bayyana abin da ta gani ba tare da ta ɗaga murya ba. Farfesa ya jingina da kujera yana wasa da mukullin motarsa, ya bari ta kai aya, sannan ya juyo da allon laftof ɗinsa ga jama'a.

"Ni dai ban iya gardama da na'ura ba, Madam. Ga rajistar shiga nan. Sunan wa aka rubuta?"

"Sunan da dukanku kuke shiga da shi," ta ce. "Ƙarfe biyar da rabi na yammacin jiya da rajistar ta nuna, ina kantin magani ina sayen ɗigon idon Baba. Kai kana ina?"

Ya ɗaga kafaɗa, ya ce shi ba ya riƙe irin waɗannan ƙananan abubuwa a kai. Manaja ya shiga tsakani da sauri, ya ce duk 'yan uwan juna ne, ba a zo neman mai laifi ba, a bar kaza cikin gashinta. Sai mai gwaji, wata mace mai shiru-shiru wadda ta girme su duka, ta tura wa Uwar Rumbu wayarta ta ƙarƙashin tebur. Imel ne da Manaja ya riga ya aika wa asibitocin tun da hantsi, tana kan babur a lokacin. Ya ba da haƙuri, ya ce kuskure ne daga ma'aikaciyar da ke kula da rumbun bayanai, kuma za a ɗauki mataki.

Ta karanta sau biyu. Ta ajiye wayar a kan tebur, allon yana kallon Manaja.

"Yallaɓai, ashe ka riga ka samo mai laifin."

Ya hau kame-kame, wai an matsa masa ne, wai dole ya faɗi wani abu, wai ai bai ambaci suna ba. Mace ɗaya ce ke kula da rumbu a kamfanin, kuma duk asibitocin sun san muryarta. Ta tashi ta fita, ta bar ƙofar a buɗe.

Da la'asar ta iske mahaifinta a gida, ido ɗaya a naɗe da bandeji, yana kwance a doguwar kujera. Yaya yana gefe ya sha mur. Tsohon ya ji shigowarta ya ce, "Uwata, wa ya taɓa min ke? Tun daga takunki na ji." Ta durƙusa ta ba shi labari sama-sama. Bai fahimci rumbu ba, bai fahimci umarni ba, amma ya yi shekara talatin yana tuƙa motar ma'aikata, ya ce su a garejinsu ko taya ba a canjawa sai an rubuta a littafi an sa hannu, kuma ya yi mamaki a ce masu ilmin kwamfuta ba su kai direbobi hankali ba. Yaya ya tuntsire da dariya duk da fushinsa. Ita ba ta yi ba.

Washegari ta riga kowa zuwa. Ta ɓalle takardar da ke jikin firij ta yayyaga, ta canja kalmar sirrin, ta buɗe wa kowa asusunsa da sunansa, na kallo kawai, babu ikon taɓawa. Sannan ta fara fitar da kayan rumbun ɗaya bayan ɗaya, kowane tebur da kowane umarni a fayil ɗinsa, guda ɗari biyu da goma sha huɗu, ta zuba su a ma'ajiyar da manhajar take. Ta rubuta ƙa'ida a rabin shafi ta aika wa kowa: mai son canja wani abu a rumbu ya canja a fayil, ya rubuta dalili, wani ya duba ya amince, a gwada a rumbun gwaji, sannan na'ura ta kai shi babban rumbu da kanta. Hannun mutum ya daina shiga.

Ƙarfe goma Farfesa ya yi ƙoƙarin shiga ya canja wani abu aka hana shi. Ya zo ya tsaya a kanta yana huci, ya ce shi ya gina rabin teburan nan tun ba ta san hanyar ofishin ba, yau kuma sai ya nemi izini kafin ya taɓa abin da ya haifa? Ta ce masa ita ma sai ta nema. Ya kwasa zuwa ofishin Manaja. Manaja ya kira ta, ya ce manufarta mai kyau ce amma a bi a hankali, za ta rage musu sauri, ko za ta buɗe wa Farfesa shi kaɗai?

"Zan buɗe," ta ce. "Amma ka fara rubuta wa asibitocin cewa daga yau rumbun ba ya hannuna. Tunda ka iya rubuta musu, ba zai ɗauke ka minti biyar ba."

Bai rubuta ba, bai kuma sake tayar da zancen ba.

Da ta kwatanta babban rumbu da na gwaji, sai ta ga wurare talatin da ɗaya da suka bambanta, canje-canjen da aka yi a gurguje babu wanda ya rubuta su a ko'ina. Ta bi su ɗaya-ɗaya tana ƙwafa. Yawancinsu salon Farfesa ne. Amma guda huɗu nata ne. Ta tuna ɗaya: wani likita ya kira ta bara yana gaggawa, ta faɗaɗa masa gurbin rubuta adireshi, ta ce za ta mayar a na gwaji daga baya, ta manta. Ta daɗe tana kallon layin, kunya da haushi suna cin ta. Mai gwaji ta leƙo ta ce ta gyara huɗun shiru kawai, wa zai sani, kada ta ba mutumin nan sandar dukanta. Uwar Rumbu ta ce a'a. Ta jera su duka talatin da ɗayan, ta sa sunanta a gaban nata, sauran ta rubuta "ba a sani ba", ta aika. Farfesa ya yi kwana biyu yana karanta wa mutane huɗun da ƙarfi a wurin shan ruwa. Sauran ashirin da bakwai ɗin bai ce komai a kansu ba.

Makonnin farko an sha wuya. An yi ta gunaguni, aikin minti biyar ya koma na awa guda. Asibitin da mutane suka cika ya ƙi sabunta yarjejeniya, shugabar ma'aikatan jinyarsa kuma ta daina amsa gaisuwar Uwar Rumbu a waya har suka rabu. Farfesa bai ba da haƙuri ba, ita ma ba ta jira ba. Tsakaninsu sai "ina kwana" a bushe.

A mako na shida ta rubuta wani gyara na share bayanan da aka shigar sau biyu. Mai gwaji ba ta nan, don haka duban ya faɗa kan Farfesa. Bayan rabin awa gyaran ya dawo mata, an ƙi amincewa, da layi ɗaya a ƙasa: "Layi na arba'in da biyu zai share tagwaye idan ranar haihuwarsu da lambar wayar uwarsu ɗaya ce."

Ta buɗe layin da niyyar ta nuna masa bai iya karatu ba. Ta karanta, ta gwada da sunaye biyu na ƙarya, ɗaya ya ɓace. Gaskiyarsa ne. Ta ɗaga kai ta hango shi can ƙarshen ɗaki, ya juya baya yana kaɗa ƙafa, ta san sarai daɗi yake ji. Ta ja tsaki har na kusa da ita ya waiwayo. Ta gyara layin, ta rubuta dalili, ta mayar masa. Kafin a tashi aiki ya amince, bai ƙara ko kalma ba, kuma da suka haɗu a matakala kowa ya kama gefensa ya sauka.