Lambar Baffa Sambo

Musbahu ya ɗaga dutse na hamsin ko na sittin, ya leƙa takardar da ke ƙasansa, ya mayar da shi. Wannan ma ba sunan mahaifinsa ba ne. Tun hantsi yake tsugune a dandamalin tashar jirgin ƙasa ta Sinnar, inda aka baza takardun kamfani a rana kamar shanyar kuɓewa, kowace da dutsen layin dogo a kanta don kada iska ta yi gaba da ita.

"Ya Hajji, ba haka a ka biɗa ba," in ji wani dattijo mai tabarau ɗaure da zare. "In ka bi su ɗaya-ɗaya, sai ka yi azumi nan. Taho ciki."

Ustaz Alamin ke nan, Bahaushen garin Mai Wurno, wanda ya shekara talatin da huɗu yana tsaron ɗakin ajiyar takardu. Lokacin yaƙi 'yan gudun hijira sun cika tashar, kuma mai yunwa ba ya tambayar tarihin takarda kafin ya cusa ta a murhu. Shekaru goma na tarihin kamfanin sun tafi wajen dafa tuwon asida. Daga baya harsashi ya huda rufin, damina ta shigo ta yi nata rabon. Abin da ya saura shi ne tsohon yake fitarwa kullum da safe, ya kwashe da la'asar, ba tare da kowa ya sa shi ba.

A ciki warin ruɓaɓɓiyar takarda ya tari Musbahu. Ustaz Alamin ya bi kantoci yana nuna masa, kamar mai gabatar da iyalinsa. Ga manyan littattafan zamanin Turawa masu bangon fata, da rubutun da ba mai iya karantawa yanzu sai shi. Ga na shekarun auduga, lokacin da taragu suke fita daga Jazira dare da rana. Ga na layin Damazin, da aka shimfiɗa don kai kayan ginin madatsar ruwa. Musbahu yana ta gyaɗa kai don ladabi, amma hankalinsa yana kan ranar Alhamis.

'Yarsa Huda ta samu gurbi a makarantar koyon aikin jinya a Damazin. An ce ta kawo lambar ɗan ƙasa kafin Alhamis, ko a ba wata. A ofishin rajista kuma an ce wa Musbahu ya kawo takardar da ke nuna mahaifinsa yana ƙasar nan tun kafin 'yancin kai. Takardun gidansu kaf sun ƙone a ƙauyensu na yamma da Manaƙil, har da na hawasha, gonarsu ta noman rani. Mahaifin nasa kuwa ya cika a hanyar gudu, a kan amalanken jaki, suka binne shi cikin gaggawa a gefen wata magudanar ruwa. Da aka samu lafiya Musbahu ya koma sau biyu neman kabarin. Ruwa ya shafe wurin, kuma magudanun Jazira duk kamarsu ɗaya. Wannan abu yana cin zuciyarsa fiye da gidan da ya ƙone. Yau Talata.

"Sunan walid, mahaifinka?" in ji Ustaz Alamin, ya buɗe littafin sunaye.

Musbahu bai saba furta sunan da bakinsa ba. "Audi. Audi Salihu. Darisa ya yi, gyaran layi. Fiye da shekara talatin."

Tsohon ya bi layuka da yatsa, ya juya shafi, ya koma baya. Ya ɗauko wani littafin. Akwai Audu uku, akwai Awad ba iyaka, babu Audi Salihu.

"Ma'alesh, yi haƙuri. Wataƙila yana cikin waɗanda anka dahwa abinci da su." Ya cire tabarau ya goge. "Amma tsaya. Kowane ɗan darisa da lamba tai. Ka san ta?"

Wannan kam ko cikin barci. Tana jikin ƙotar shebur ɗin Baba, tana jikin butar shayinsa, har a gindin tulun gida ya karce ta da ƙusa, kamar wani zai sace masa tulu.

"Ɗari huɗu da sha bakwai."

Ustaz Alamin ya hau kujera, ya daɗe yana tari a cikin ƙura, ya sauko da wani koren fayil wanda ruwa ya ci gefensa. Musbahu ya miƙa hannu biyu, ya karanta abin da ke bangon, sai hannayen suka tsaya a iska. Sambo Salihu, an ɗauke shi aiki a 1953.

"Wannan Baffa Sambo ne, wan Baba. Ya rasu tun ba a haife ni ba. An yi kuskure, ya Ustaz."

"Bari mu gani."

A shafin farko akwai hoton wani saurayi mai faɗin fuska wanda Musbahu bai taɓa gani ba. A shafi na shida akwai wani hoton, an manna shi a sabon katin aiki na 1964. Siririn wuya, kunnuwa a buɗe, da ɗan tabon nan a girar hagu inda jaki ya taɓa harbinsa yana yaro. Baba ne, yana kallon mai hoto a tsorace. A ƙarƙashinsa an rubuta Sambo Salihu.

Ustaz Alamin ya jera shafi biyu, ya nuna masa inda aka dangwala yatsa. Ko makaho ya san ba yatsa ɗaya ba ne.

"Yaushe baffan naka yar rasu?"

"Shekarar da anka yi zazzaɓi mai yawa, in ji su. Sittin da ɗaya."

"To nan bai rasu ba. Nan ya yi jinya kwana tara, yad dawo aiki, yay yi ta yi har tis'in da uku." Tsohon ya zauna a kan wani akwati. "Na ga irin wagga hiye da ashirin, kuma duk mutanenmu na. In ɗan darisa ya mutu, ranar nan a ka amshe ɗakin kamfani, matatai da ɗiyanai su hita waje. To in rayyis, shugaban gungun, namu na, sai ya yi shiru. A rufe mamaci da dare, da sahe ƙane nai ya rataya lamba ya shiga layi. Mufattish mai duba aiki da ka zuwa daga Atbara lamba ya ka kira, ba ya duban huska. Lamba ba ta mutuwa, ya Hajji."

Musbahu ya jingina da kanta. Abubuwa suka riƙa dawo masa. Tsofaffin abokan aikin Baba da suke zuwa gaisuwar salla suna kiransa Sambo, shi kuwa ya ɗauka tsokana ce ta manya. Gwaggo Barakatu, matar marigayin, wadda Baba yake kai wa buhun dawa kafin ya kawo na gidansa, har Inna tana mita. Da yadda bai taɓa yarda wani cikin 'ya'yansa ya raka shi tasha ba. Yana da shekara ashirin ya ajiye sunansa ya ɗauki na mamaci, kuma bai taɓa faɗa wa kowa ba. Tausayi ya kama Musbahu, da wani haushi-haushi da bai san wa zai ɗora wa ba.

"Akwai sauran," in ji Ustaz Alamin a hankali. Ya buɗe shafin iyali, inda ma'aikaci yake rubuta 'ya'yansa don a ba su izinin shiga jirgi kyauta. 'Yan mata biyu na Baffa Sambo suna sama. A ƙasansu, da wani alƙalami daban: Musbahu, namiji, 1969.

"Ka gani? Shahadar da ka ka so, takardar shaida, ga ta. Uba cikin aiki tun hamsin da uku, haihuwar Jazira, ga sunanka cikin ɗiyanai. Ba mai ce maka komi a rajista. Sunan kaka a takardar makarantar yarinya kuma gyara shi a ka yi, aikin rabin yini."

"Amma ba ubana ba ne."

"Na sani."

"Rubuta gaskiya mana, ya Ustaz. Rubuta Audi ne ya yi aikin. Ga hotonsa, ga yatsansa. Shekara talatin da biyu yana ɗaukar ƙarfe a rana!"

"Wallahi da ina iyawa da na yi. Abin da ac cikin malaf, fayil ɗin ga, shi ɗai ni ka iya rubutawa. Audi bai taɓa shigowa kamfanin ga ba. Sai dai ka kawo shaidu biyu, dattawa, su ce Audi ƙanen Sambo na. Ka bi ta mahkama, gaban alƙali. Wata uku, wata huɗu."

Musbahu ya lissafa dattawan a ransa. Gwaggo Barakatu ta daɗe da rasuwa. 'Yarta ɗaya ta bi ta, ɗayar tun farkon yaƙi ba a ji ɗuriyarta ba. Abokan Baba na darisa, na ƙarshensu an binne shi bara a sansanin gudun hijira.

"Ai haramun ne mutum ya jingina kansa da wanda bai haife shi ba," in ji Musbahu.

"Ni ba malami ba na, kuma ban ce ka yi ba."

Musbahu ya fita waje ya tsaya a bakin layi. Ciyawa ta fito tsakanin katakan, awaki suna kiwo a inuwar wani tarago da ya yi tsatsa. A nan kuka ya ƙwace masa, kuka sosai, irin wanda bai samu damar yi ba ranar da suke tona rami da hannu suna waiwaye. Ya rasa kabarin, ya zo nan yana ganin ko ba komai zai samu sunan a rubuce a wani wuri, ya kai wa ƙannensa su gani.

Wayarsa ta yi ƙara. Huda ce.

"Yaba, ligita? An samu?" Tana magana da sauri, rabi Larabci rabi Hausa, kamar yadda duk yaran yanzu suke yi. "Na wanke farar rigar da Anti ta ba ni, wallahi kamar don ni aka ɗinka. Yaba? Kana jina?"

Ya share fuska da gefen rawani. "Ina jin ki."

"An samu sunan Kaka?"

Ya dubi takardun da ke shanye a rana. "An samu takarda," ya ce. "Ki shirya kayanki."

Da ya koma ciki bai zauna ba. Ya ce wa Ustaz Alamin ya rubuta. Ya roƙi abu ɗaya, a ba shi hoton shafi na shida. Tsohon ya girgiza kai, ya ce kayan kamfani ne, ko allura ba ta fita daga ɗakin nan. Ya dai riƙe masa fayil ɗin a bakin taga, Musbahu ya ɗauka da waya, ya sa babban yatsansa ya rufe rubutun da ke ƙasa.

Sauran aikin na Sitt Ibtisam ne, mai buga takardu da hatimi a ofishin gaba. Aka ce ya jira a benci tare da wasu tsofaffin ma'aikata huɗu da suka zo nasu neman. Aka yi azahar, aka dawo. Wajen ƙarfe biyu ta leƙo da takarda a hannu.

"Musbahu Sambo!"

Tsofaffin suka dubi juna. Musbahu yana kallon ƙasa.

"Musbahu Sambo Salihu! Ba ya nan ne?"

Na kusa da shi ya taɓa masa gwiwa. "Ya Hajji, ba kai ba ne?"

Ta ɗaga murya a karo na uku, ta fara juyawa za ta koma ciki. Musbahu ya dafa benci ya miƙe.

"Na'am," ya ce.